Tagar Bayan Gado

"Hamdiya, sauko maza! Inna ta taho!"

Ina can saman katako, sanye da wando da hular kwano, fuska duk siminti, Shamsuddin ya faɗo shantiye, wato wurin ginin, yana haki. Likitan yara sukutum, mai tsira allura ba ya ko ƙiftawa, yau ga shi duk ya rikice.

"Wace Inna?"

"Tawa mana! Tun daga Tabotaki... ita da Rukaiya."



Ni na zana asibitin yaran da ake ginawa a Buza, kuma a kan zanen muka san juna. Da faɗa muka fara. Shi yana son dogon ɗaki, gadaje a jere, ni kuwa na ce masa yara ba buhunan albasa ba ne. Na zana ƙananan ɗakuna kewaye da tsakar gida, da rumfar da iyaye za su dafa kunu. Faɗa ya koma shan shayi, shayi ya koma abin da ya koma.

Saura mahaifiyarsa, Inna Dela, wadda ta ce atafau ba ta yarda da aurenmu ba. Rukaiya ce ta haɗa wutar, 'yar ƙanen Inna, wadda ta daɗe tana kai wa likita dambun zogale ba wanda ya aike ta. Ta ɗauki hotona ina saman gini ta kai Tabotaki, har da ƙarin gishiri: wai 'yar Yamai ce, ba ta san kunya ba, har ramukan leƙe ta huda a bangon asibiti.

Na sauko, na durƙusa har ƙasa a gaban Inna.

"Sannu da zuwa, Inna. An zo lahiya?"

"Lahiya." Ta dube ni daga hula har takalmi. "Ke ta mai hawa bisa?"

"Ni ta, Inna."

"Inna, taho ki ga ramukkan da idonki," in ji Rukaiya, baki har kunne.

Muka shiga ɗakin farko. Shamsuddin ya raɓe a gefe, Inna ko kallonsa ba ta yi ba. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta kula shi a gaban mutane.

Rukaiya ta nuna bango. A bayan wurin kowane gado, daidai inda matashi zai zauna, akwai 'yar taga mai murfin katako, iyakar shigar hannu.

"Wagga mi ta?" in ji Inna.

Shamsuddin ya taɓa ba ni labarin ƙyandar da ta kwantar da shi a dispanser, ƙaramin asibitin Madawa, yana ƙarami. Kakarsa ta wajen uba ce ta zauna a bakin gado, Inna ba ta shiga ba ko sau ɗaya. Amma kullum yana jin tarin wata mace a bayan bango, kuma ya san mai tarin. Ranar da ya gaya mini na ƙara tagar a zane. Sai dai wa ya isa ya faɗa wa Inna haka a fuska?

"Don uwar ɗan hwari ta, Inna," na ce, kaina a ƙasa. "In surukkai sunka cika ɗaki, ba ta iya zama kusa ga ɗanta. Sai ta kewayo baya. Akwai lungu da benci, ta zamna, ta sa hannu ta taɓa shi... ba mai ganin ta."

Inna ta ƙura wa tagar ido.

"Ji wani iyayi!" Rukaiya ta kwashe da dariya.

"Rukaiya," in ji Inna, "tahi ki samo mani ruwa."

"Inna, ai ga..."

"Na randa nika so."

Randa kuwa sai can ƙofar shantiye. Rukaiya ta fita tana tura baki, Inna ma ta fita, ta yi bayan ɗaki ita kaɗai.

Na damƙo hannun Shamsuddin, na nuna masa wani bulo a ƙarƙashin tagar.

"Zamna nan, Lokotoro."

"Bisa bulo? Hamdiya, mi kike..."

"Masoyi, yau dai yi shiru ka bi zane!"

Ya zauna, ya jingina da bango.

Murfin tagar ya yi ƙara. Hannu ya shigo a hankali, siriri, mai tsohon lalle. Ya laluba bango, ya laluba iska, sannan ya sauka a tsakiyar kan Shamsuddin. Ya tsaya. Ya shafa, ya sake shafawa.

Sai muka ji tari a bayan bango.

Wayyo! Ƙaton likita ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa na rawa. Ni ma hawaye suka ɓalle mini, suka haɗu da simintin fuskata suka zama kwaɓi. A lokacin na ji ina son mutumin nan har cikin ƙashina, ina son tsohuwar da ke bayan bango ma.

Da Inna ta dawo, fuskarta a murtuke take kamar ba abin da ya faru.

"Bencin ga ya cika tsawo. Ƙahwata ba ta kai ƙasa."

"Za a rage shi, Inna."

"A rage." Ta gyara mayafi. "Kuma ki hwaɗa ma tsohhinki, baƙi na nan tahe daga Tabotaki, ɗiyata."

Ɗiyata!

Daidai nan Rukaiya ta shigo da kofin ruwa. Inna ta karɓa, ta miƙo mini.

"Sha, ki wanke huska. Amarya ba ta zama hakanga."

Na sha, kuma ban taɓa shan ruwa mai daɗinsa ba.

Inna ta kai bakin ƙofa ta tsaya. Ba ta juyo ba, ba ta dubi inda Shamsuddin yake ba.

"Wancan kuwa, ki ce mashi ya riƙa sa hula in zai shiga rana. Kainai da zahi. Na ji."