Lallen Ƙafar Zuhura

Ranar kasuwar Madawa Zuhura ta shigo rumfar Halidu tana dogara sanda, da wani abu naɗe cikin zane. Halidu mai fentin moto ne, wato babur. In tanki ya kwarzane, yakan haɗa kala har mai shi ya kasa gane wurin.

Ta kwance zanen. Ƙafar roba ce da aka ba ta bayan haɗarin mota, fara sol, sai sheƙi.

"Kunya nika ji in sa ta," in ji ta. "Ka iya maishe ta kalata?"

Ya ce abu mai sauƙi. Bakin maza ke nan. Wata biyu yana gauraya baƙi da ja da ruwan ƙasa, yana kashe sheƙin, tana zuwa ana gwadawa. A inuwa ta dace, a rana asiri ya tonu. Kala dai ta ƙi, shi kuwa tuni ya kamu da sonta.

Da maganar aure ta taso, innarsa Balki ta aiko daga Galma cewa ba da ita ba. Wa zai yi mata daka da ɗiban ruwa? Ga Munira ɗiyar ƙanenta, lafiyayya.

Zuhura ta ji, ta daina zuwa. Ta turo saƙo: "Halidu, ka bi innarka. Fenti ma ya ƙi ni, bale mutane."

Ya karanta, zuciyarsa ta karye. Ya amsa: "Zuhurata, ƙahwarki na wurina. Ba ni maido ta sai ranar armenmu."

Sai da aka shekara kafin kawunsa ya karɓa masa auren. Ranar lalle aka ƙunsa mata ƙafa ɗaya, ta dubi gurbin ɗayar ta yi ta kuka, don roba ba ta cin lalle. Ƙawarta Cima ta ɗauki hoton ƙunshin ta tura wa ango. Ya zauna da ɗan buroshi, ya zana irinsa a robar, ɗigo bayan ɗigo.

Da ƙafafu biyu ta shiga ɗakinta. Mai lura zai gane bambancin, wasu ma sun gane. Inna ba ta zo ba.

"Lalle gogewa shika yi, angona," Zuhura ta ce a hankali. "Naka hwa?"

"Kowace Juma'a in rage mishi kala, har su tahi tare."

Dattawa suka shafa fatiha, Allah ya ba da zaman lafiya, ya sassauto da zuciyar Inna. Zuhura ta ce amin, ta gyara zanenta, ta bar ƙafafun a buɗe.