Auren Guilan a Tsakar Gidan Dou

A bakin rijiyar tashar dawaki suka fara haɗuwa, shekara ta biyu da ɗaukewar ruwan sama. Guilan, 'yar ƙanena, ta je ɗiban ruwa. Baoshan kuwa yana shayar da dawakin da ke kai wasiƙun sarki daga zango zuwa zango.

"Doki ya sha, mutum ya jira?" ta ce masa.

"Dokin sarki ne."

"To sarkin ya zo ya ja masa guga."

Ya yi dariya har igiya ta kuɓuce masa. Ranar shi ya ɗauko mata ruwa har ƙofar kogon da muke zaune a ciki.

Tsakanin tashar da ƙauyenmu kwazazzabo ne mai zurfi. Ana hango juna, amma zagayen rabin yini ne. Babu mai karatu a cikinsu, don haka da maƙogwaro suke aika saƙo, gari duk yana ji. Shi Magaryata yake kiranta, da sunan itacen magarya.

"Magaryata, na ajiye miki rabin wainar gerona. Tun jiya nake kokawa da hannuna a kanta."

"Mai warin doki, cinye abinka. Daga nan ina hango haƙarƙarinka."

Sai aka rufe tashar, wai yaƙin iyaka ya cinye baitulmali. Aka kori masu kiwon dawakin, daga su sai bulalar hannunsu. A shekarar kuma aka ƙara haraji. Wanda ya gudu, nasa ya hau kan wanda ya zauna. Gida goma muke a rukuninmu na haraji, muka koma huɗu, muna ɗauke da kayan goma. Shi kuwa Dou, mai rabin gonakin kwarin nan, ba a taɓa shi, don ya taɓa cin jarrabawar sarki, wadda mai cinta ba ya biyan haraji. Muna dakan ɓawon itace, rumbunansa suna yin ƙwari. In ƙarya nake a zo a kama ni.

A haka Baoshan ya aiko neman aure. Ƙanena ya kira shi.

"Ba ƙinka nake ba, yaro. Amma ba a kai amarya gari yana kwana da yunwa. Wanda ya ciyar da ƙauyen nan ranar biki, shi ne surukina."

Kowa ya san wanda yake nufi: Jinbao, ɗan wakilin gidan Dou, mai kumatu a shekarar da kowa ya rasa nasa.

Baoshan ya ɓace. Kwana goma Guilan tana tsayawa bakin kwazazzabo tana kira, duwatsu na mayar mata da muryarta. Aka ce ya bi 'yan tawayen da ke kan dutse. Ta daina taje kai.

Ran sha ɗaya sai ga shi, ƙafa duk faso, fuska a ɗaure.

"An ce kin karɓi kwanon Jinbao."

"Na karɓa. Na kai wa matar maƙwabcinmu Liu mai jego, je ka tambaye ta. Kai fa, ina ka shiga?"

Ya sunkuyar da kai. "Ƙauyuka bakwai na zaga, ina gayyata."

"Gayyatar me, kai da ba ka da ko ludayi?"

"Bikinmu, Magaryata. In har yanzu kina so."

"Wawa," ta ce, hawaye na zuba. "Don wa kake tsammani nake yi wa duwatsu ihu?"

Akwai abin da kakanninmu ke yi idan yunwa ta kai wuya, cin babban gida. A shiga gidan mai rumbu, a dafa, a ci a nan. Ba a fita da ƙwaya ɗaya, ba a fasa kwano, ba a leƙa ɓangaren mata. Wanda ya kiyaye wannan ba ɓarawo ba ne, baƙo ne.

Da hantsi muka isa gidan Dou, mu wajen ɗari huɗu, kowa da kwanonsa. Ni ce a gaba. Masu gadi huɗu suka tare ƙofa da mashi. Na dubi babbansu na ce, "Buɗe, ɗan nan. Uwarka tana bayana, kwananta uku ba ta ci ba." Ya leƙa, ya gan ta, ya buɗe.

Dou ya fito saman bene. "Wannan tawaye ne."

"Biki ne, maigida," na ce. "Sauko ka sa albarka."

Bai sauko ba. Jinbao ma ba mu ga ƙeyarsa ba.

Muka buɗe rumbu, muka ɗora tukwane tara na kunun gero. Tsofaffi suka fara sha, sannan masu goyo. Ƙanena ya shanye kwano uku, sannan ya goge baki.

"Yaya, na ce wanda ya ciyar da gari. Na ce da geron wa?"

"Ba ka ce ba."

"To kira min yaran."

Da jan ƙyallen aurena na lulluɓe Guilan. Suka durƙusa wa sama da ƙasa, suka durƙusa wa iyaye, suka durƙusa wa juna har goshinsu ya gwaru.

"Ka fasa min kai tun yau," ta ce daga cikin lulluɓi.

"Ina da shekara hamsin na ba ki haƙuri."

Da za mu fita, ango da kansa ya tsaya a ƙofa yana kakkaɓe hannun rigar kowa, har da nawa, ni gwaggon amarya. Muka share tsakar gidan, muka wanke tukwane.

Yanzu ku mutanen sarki, kun manna sunan Baoshan a ƙofar birni cikin 'yan fashi. Ku goge shi. Ɗan fashin da ya kife tukwane ya share gida, ku nuna min wani. Ku ne kuka kore shi daga aiki, ku ne kuka ɗora mana kayan waɗanda suka gudu. Mutanen ƙauyuka bakwai sun ga yadda ƙofa ke buɗewa, kuma wata rana ba da kwano za su zo ba.

Inda ango da amarya suke, ba zan faɗa ba ko za a yanka ni. Mai Sama ya ba su damina, ya ba su 'ya'ya masu kumatu, ya sa su tsufa tare suna wannan faɗan nasu.