Fitilar Tsohon Babur

Ranar da Dayamí ta sayi babur, turo shi ta yi zuwa gida.

Tsohon babur ne ɗan Jamus, irin waɗanda suka shigo Kuba tun iyayenmu suna samari. A ƙofar mai shi da kik ɗaya ya tashi. Ba ta yi nisa ba ya yi tari ya mutu, kuma bai tashi mutuwa ba sai a gindin hawan unguwar Tivolí, inda ko wanda bai ɗauko komai ba sai ya tsaya ya huta.

Tana turawa, gumi na ɗiga daga haɓarta, sai ta ji murya daga wata ƙofa.

"Sannu da jana'iza. Ina za a kai marigayin?"

Saurayi ne dogo, zaune a kan bokiti yana goge fulogi da tsohon buroshin haƙori. Bayansa ɗaki ne cike da ƙarafa har rufi.

"Gidanku," in ji ta.

"To ai kin iso. Tsaya a yi masa addu'a."

Ta tsaya, don hannayenta sun mutu. Ya tsuguna ya kwance murfin gefen injin, ya kama wani ƙarfe ya girgiza. Ƙarfen ya yi ƙwas-ƙwas.

"Karanshaf ya tafi," in ji shi. "Shi ke juya komai a ciki. Sauran duk wasa ne."

"Na ji. Da hannuna zan gyara."

"Kin taɓa buɗe inji?"

"Na buɗe saniya, na ciro maraƙi, na ɗinke, ta tashi ta ci ciyawa. Wannan ko shuri ba ya yi."

Ya yi dariya har sai da ya dafa ƙasa. "Yana yi, Dokta. Bari kik ya dawo miki a ƙauri ki gani."

Sunansa Norge. Shi ba bakanike ba ne. Sana'arsa ita ce sanin a ƙarƙashin gadon wa wane ƙarfe yake kwance. A nan birnin Santiago ba a shiga kanti a sayi kayan irin wannan babur, kuma wanda yake da su ba ya son takarda, abu yake so a madadin abu. Suka yi yarjejeniya a nan bakin titi: shi zai nemo, ita za ta ɗaura.

Ba sha'awa ce ta sa ta sayi babur ɗin ba. Likitar dabbobi ce, aikinta a gonakin tuddan da ke bayan garin El Cobre. Kullum a bayan babbar mota take zuwa, a tsaye, in motar ta ga damar zuwa. Sau da yawa tana isa ta tarar dabbar ta riga ta mutu, manoma na binta da kallo. Ta gaji da wannan kallon. Ko dai ta sami abin hawa, ko ta ajiye aikin da ta yi shekaru tana karatunsa, kuma ajiyewar ita ce abin da mahaifiyarta Odalys ke jira.

Suka shigar da babur ɗin tsakar gida, suka wargaza shi a kan tsohon zanen gado. Da yamma in ta dawo daga aiki sai ta sa tsohuwar rigar ɗan'uwanta ta zauna da sifana. Norge yana zuwa da abin da ya samo a aljihu, ya zauna a gefe yana miƙo mata, bakinsa ba ya hutawa. Kik kuwa, tun kafin su kwance injin, ya dawo mata a ƙauri, ta yi mako tana ɗingishi, ta hana shi ko ambata.

Saƙonninsa suna shigowa tana tsakiyar garke.

"Dokta, na samo ringi wurin wani mai gyaran famfo. Yana da kyau, amma bai kama ƙafarki ba."

"Ɗan gwangwan, kawo ringin, ka bar waƙar a gida."

"Na bar ta, ta biyo ni. Kin ci abinci, Dayi?"

Ta daɗe tana kallon wannan sunan, don babu wanda ya taɓa kiranta da shi. Sai ta rubuta: "Na ci. Kai fa?"

Odalys tana gani ta tagar kicin. Ba ta taɓa miƙa wa Norge ko kofi ba, a gidan da ake ba mai karanta mitar wuta kofi.

"Na sha wahala na kai ki jami'a," in ji ta wata rana, "don ki ƙare da mai yawon bin bola?"

"Ba bola yake bi ba, Mima," in ji Dayamí, don haka take kiran mahaifiyarta.

"Dubi farcenki. Reinier yana dawowa daga Sifen ƙarshen wata. Gida gare shi can, da takardu. Tun kuna makaranta yake sonki."

"Tun muna makaranta nake ce masa a'a."

Abu ɗaya ne mai kyau a jikin babur ɗin: fitilarsa ta gaba, ta asali, mai zobe mai ƙyalli, ba ko tsaga. Duk mai babur da ya leƙo sai ya shafa ta. Dayamí takan goge ta in ranta ya ɓaci. Wani mako ciwo ya shiga awakin wata gona, ta kwana can inda waya ba ta kamawa. Da ta dawo, babu fitila, sai wayoyi a waje.

"Na ɗauka," in ji Norge, yana kallon ƙasa. "Ki ba ni lokaci kaɗan."

Ta ba shi. Lokaci ya wuce, ba fitila, ba bayani, zuwansa ma ya ragu.

Odalys ce ta kawo labarin daga layin burodi, fuskarta wasai.

"Je ki titin Trocha ki ga fitilarki. Tana gaban babur ɗin Yusimí mai gyaran farce. Unguwa kaf ta san wanda ya ɗaura mata."

Dayamí ta je. Fitilarta ce, tana ƙyalli a ƙofar shago. Yusimí ta leƙo da dogayen farcenta ta ce, "Kina kallo, ƙawata? Norge ne ya kawo mini har gida. Yaron nan akwai hannu."

Ba ta yi kuka a titi ba. Ta rubuta masa: "Na ga inda ka kai kayana. Kada ka sake tako ƙofarmu."

"Dayi, ba abin da kike zato ba ne. Na yi laifi, amma ba wannan ba. Bari in zo."

Ba ta amsa ba.

A cikin wannan halin Reinier ya sauka, da turare da sarƙa a wuya. Ya turo sabon babur mai caji har ƙofar gida, da jan ƙyalle a ɗaure. Maƙwabta suka fito baranda. Odalys har ta sa sabuwar riga.

"Ba mai, ba hayaƙi, ba sifana," in ji shi. "Ki hau kafin takardunki su fito. Can kuwa ko wannan ba za ki buƙata ba, gimbiya."

"Yana hawa tudun El Cobre da jakar magani, cikin taɓo?"

"Wa ke maganar tudu? Ai kin gama da shanu."

"To mayar da shi. Ban gama ba."

Da ya tafi, Odalys ta zauna a kujera tana fifita da ƙarfi. "Saboda wancan ɓarawon fitilar?"

"Na kore shi, Mima, kin sani. Ko da babu Norge a duniya ba zan bi Reinier ba. Aikina nake so, kuma a nan."

Daga nan ita kaɗai ta shiga neman karanshaf. Ta je Palma Soriano a bayan mota, aka nuna mata wanda ya fi nata lalacewa. Ta je wurin wani da ya rantse yana da shi, ashe na injin ban-ruwa ne. Wasu suna kallonta su ce ta turo mijinta. Takan ce, "Ni ce mijin," ta juya. Ƙarshe wani direba ya ce ta gwada tsoho Arístides na El Caney, mai keken doki.

Ta same shi zaune a gindin mangwaro. Ga keken a jingine, ga sabuwar taya a gefe ba a ɗaura ba.

"Akwai shi," in ji tsohon. "Na ɗana ne, da ya bar ƙasar ya bar mini. Amma wani yaro ya riga ki, ɗan Tivolí, mai surutu."

Dayamí ta matso ta zauna kusa da shi.

"Taya na ce ina so. Ya sha yawo, baiwar Allah. Ya ce fitila ya ba wata mai gyaran farce ta ba shi tukunyar shinkafa ta lantarki, ya kai tukunyar wa wani direba ya karɓo tayar nan. Ranar da ya kawo, goɗiyata ta gurgunce. Me zan yi da taya babu doki? Na ce in yana son ƙarfen, sai ya kawo mini doki. Kullum yana nan yana roƙo, kamar mai neman aure."

"Fitilar tawa ce," in ji Dayamí. "Ina goɗiyar?"

Tana bayan gida, tsaye da ƙafa uku. Dayamí ta ɗaga kofaton, ta wanke, ta bi shi tana dannawa har dabbar ta zabura. Ta fiddo wuƙarta ta fara fiƙewa a hankali. Baƙin ruwa mai wari ya feso mata a riga. Goɗiyar ta sauke dogon numfashi.

"Ruwan zafi da gishiri, safe da yamma," in ji ta. "Zan riƙa zuwa."

Ta riƙa zuwa, bayan aiki, a ƙafa in mota ta ƙi. Ranar da goɗiyar ta ja keken zuwa kasuwa ta dawo, tsohon ya shiga ɗaka ya fito da abu naɗe a buhu, jiƙe da baƙin mai.

A kafaɗa ta ɗauko shi har Tivolí. Ta dire shi a gaban bokitin Norge. Ya buɗe, ya dubi ƙarfen, ya dube ta. 

"Ina jinka," in ji ta.

"Na kira ki, wayarki ba ta shiga. Yusimí kuma ta ce ranar ko ta fasa. Na ce in na kawo miki wannan za ki manta da fitila. Da tsohon ya juya mini, sai na ga na rasa duka biyun. Kunya ta hana ni."

"Kayana ne, Norge. Ka tambaye ni in ce e ko a'a. Kuma in abu ya ɓaci, ka zo mu ɓaci tare. Ni ba a ɓoye mini."

"Na yi laifi, Dayi. Ki yafe mini."

"Da ka tambaya, da na ba ka."

"Na sani. Shi ya fi ci mini rai." Ya goge hannunsa a wando. "To ina tambaya yanzu, tun kafin in sake wani shirmen. Za ki aure ni?"

"Ɗauko sifana tukuna. Ba na amsa wa mutum babur ɗina yana wargaje."

Suka haɗa injin a kan zanen nan. Fitilar tarakta suka ɗaura masa, mummuna, mai ido kamar na kwaɗo. Ran wata Lahadi suka fito da shi titi, ta gauraya fetur da mai ta zuba, ta taka kik. Shiru. Ta sake. Wani daga baranda ya ce a kira fadan coci ya yi masa addu'a. Ta taka da dukan fushinta, sai ya ɗauka, da ƙara da shuɗin hayaƙi, layin duka ya kaure da ihu.

Ta juyo ta dubi Norge ta cikin hayaƙin. "E," in ji ta.

"Me kika ce? Ba na ji!"

"Ka ji sarai, ɗan gwangwan."

Odalys tana ƙofa, hannu a ƙugu. Ta sauko a hankali, ta zagaya babur ɗin.

"Birkinsa na ci?"

"Yana ci, Mima."

"To kai ni in ga tuddan nan da suka fi Sifen."

Ta hau baya, ta ƙanƙame 'yarta, ta rufe ido har suka fita gari. A gona ta farko wata mata ta rugo da gudu, akuyarta ta kasa haihuwa tun safe. Odalys ta tsaya a rana riƙe da jakar magani, tana kallon 'yarta durƙushe cikin ciyawa har ɗan akuya ya faɗo yana atishawa. Matar ta kama hannun Odalys ta ce, "Ke kika haife ta? Allah ya saka miki."

Da suka dawo, Norge yana nan a bakin ƙofa bai gusa ba. Odalys ta sauka tana gyara gashinta da iska ta hargitsa. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai, wanke hannunka da sabulu ka shigo. Akwai wake da shinkafa."

An ɗaura auren bayan damina, a ofishin aure na gari. Amarya ce ta tuƙa, ta tattare farar rigarta a cinya, ango a baya riƙe da furanni, masu babura na Tivolí suna biye suna hon. Kafin su tashi Odalys ta kama fuskar kowannensu ta sumbaci goshinsa.

"Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku a hanya," in ji ta. "Ya ba ku zuri'a masu taurin kai irin na uwarsu, in ga yadda za ta yi." Sai ta nuna Norge da yatsa. "Kai kuma, ɗana, duk abin da ka gani a gidana, ka tambaya kafin ka ɗauka."

"Na koya, Mima," in ji shi.

Dayamí ta taka kik, ta ce masa ya riƙe da kyau, suka nufi hawa.