Gishiri Ya Yi Yawa

"Gishiri ya yi yawa."

Auta ta ajiye cokali, ta ture farantin shinkafar gaba kaɗan.

Dogo ya miƙa hannu ya ɗebi loma daga farantin nata, ya tauna a hankali yana kallonta.

"Babu wani gishiri a nan."

"To harshena ne ke ƙarya?"

"Ni ban ce ba. Amma wannan shi ne gidan abinci na bakwai, Auta. Na bakwai!"

"Rage murya mana, mutane na kallonmu..."

"Su kalla! Na farko kin ce mai ya yi yawa. Na biyu naman da tauri. Na uku kin ce mai kawo abincin ba ta da fara'a, kamar ita za a zuba wa baƙi a faranti. Daga na huɗu zuwa yau kuwa, gishiri, gishiri, gishiri!"

Ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafinta. Yau ko "rabin raina" ɗin da ya saba bai ce mata ba, ta kuwa ji abin har cikin ƙirjinta.

Laifin bakinta ne. Wata biyu da suka wuce aka yi wa Dogo canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisan yini guda a mota, iyayensa suka ce a tsayar da rana ya tafi da matarsa. Da ya kawo mata maganar sai ta kama kame-kame, can ta ce ai sai sun fara samun gidan abincin da zai dafa na biki, don ita ba za ta ji kunya a gaban baƙi ba. Shi kuma bawan Allah ya ɗauki zancen da gaske. Duk ranar da ya samu sarari sai ya zo shagon tabaran da take aiki da tsakar rana, ya ɗauke ta su tafi ɗanɗano.

Babu inda ba su leƙa ba. Sun je mai hawa uku da ake cin taliya da cokali mai yatsu, sun je na bakin titin jirgi inda hayaƙin gashin kifi ke bin kayan mutum har gida. Sun je wani mai sanyi kamar cikin firji, inda aka kawo musu yankan kaza biyu a tsakiyar ƙaton faranti, Dogo ya tambayi mai kawo abincin ko sauran na hanya. Ranar ta yi dariya har da hawaye, amma da aka zo yanke shawara sai ta girgiza kai.

"Ki faɗa min gaskiya," ya ce, murya ƙasa-ƙasa yanzu. "Abincin ne bai yi miki ba, ko ni ne?"

"Haba Dogona..."

"Ran ɗaya ga wata zan fara aiki a can. Saura kwana goma sha biyu. In yawo kike min da hankali, gara na sani."

Ta duba agogon wayarta, ta miƙe.

"Zan makara a shago."

Ba ƙarya ta yi ba a kan gishirin, wannan ne abin da ya kasa ganewa. Shekara uku ke nan da hawan jini ya kayar da Baba a ƙofar banɗaki, ya tashi da hannun hagu a shanye, ƙafa tana ja. Likita ya hana shi gishiri da maiƙo. Mama ta riga ta rasu, Yaya tana can gidan mijinta da yara huɗu, sai Auta. Makon farko tukunya biyu take ɗorawa, tata da tasa, har ranar da ta kama shi yana kallon farantinta kamar yaron da aka hana alewa. Tun daga ranar ta koma tukunya ɗaya. Abin da ya ci shi take ci, har harshenta ya manta da gishiri, yanzu ko kaɗan aka barbaɗa sai ta ji kamar an juye mata gwangwani guda.

Amma ita ma ta san ba gishirin kaɗai ba ne. Tana son Dogo, so irin wanda ke hana mutum zama wuri ɗaya, kuma tana tsoron ranar da za ta ja akwati ta bar tsohon nan da kujerarsa da rediyonsa.

Da yamma ta dafa dankali da kifi, ta murƙushe masa yadda yake so. Baba ya yi loma huɗu ya janye hannu.

"Na ƙoshi, Uwata."

"Baba, loma huɗu fa!"

"Ƙirga min kike yi? To gobe ki zo da littafi."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Kusan wata guda ke nan cin abincinsa na yamma ya ragu. Kular da take bar masa ta rana kullum a wanke take tarar da ita, amma da yamma sai ya yi ta juya cokali. Ta auna jininsa, lafiya lau. Ta sake aunawa, ya ce in ta ƙara matse masa hannu zai kai ƙararta wurin likita.

Ta fita baranda ta kira Yaya.

"Ba ya cin abinci, Yaya. Ina nan ma ke nan, ina ga na tafi?"

"To ki ɗauke shi ku tafi tare mana."

"Na yi masa maganar. Ya ce gidan da ya zauna da Mama ba zai bar shi ba sai an fitar da shi a kwance."

"Ni dai kada ki bari yaron nan ya kuɓuce miki. Irinsa ba a samu a kan hanya."

"Faɗa da baki ai ba wuya..."

Ta kashe wayar. Ta shiga kicin ta wanke tukunyar da ta riga ta wanke, ta fito, ta sake komawa. Kwana huɗu Dogo bai kira ba. A shago ta ba wani tsoho tabaran wata mata, sai da mai shagon ya tambaye ta ko ita ce ke buƙatar gwajin ido.

Rana ta biyar ya zo. Bai fito daga mota ba, gilashi kawai ya sauke.

"Saura guda ɗaya. Daga shi ba zan ƙara kai ki ko'ina ba."

Ba babban wuri ba ne. Wani ɗan gidan abinci ne mai tebur shida a bayan tashar bas, layi biyu tsakaninsa da gidansu, ta sha wucewa ta gabansa ba ta taɓa shiga ba. Fanka ɗaya ce ke juyawa, ita ma da ƙara. Aka kawo musu shinkafa da miyar ganye da kaza.

Ta kai loma ɗaya. Ta yi niyyar yin shiru, wallahi ta yi niyya, amma fuskarta ta riga ta tona mata asiri.

"Faɗi mana," in ji Dogo. "Gishiri ko?"

Mai abincin, wata mata mai jiki da tawul a kafaɗa, tana goge tebur na kusa ta jiyo.

"Gishiri ya yi miki yawa, 'yata? Ai da kin faɗa, da na zubo miki daga tukunyar Baba mai sanda."

"Wane ne kuma haka?" Dogo ya tambaya.

"Wani tsoho ne, ya fi ku fitina. Ya ce gidajen abinci tara ya zaga kafin ya zo nan, kowanne sai ya sa an dafa masa babu gishiri babu mai, ya ɗanɗana ya ce bai yi ba. Ni ma kwana shida yana koya min girki a kicin ɗina! A murƙushe dankali, a zare ƙayar kifi, a matsa lemun tsami a madadin gishiri. Wai haka 'yarsa ke yi masa, kuma aure za ta yi, ba ya so ta..."

Ta katse maganar, ta washe baki tana kallon ƙofa.

"Yauwa, ga shi nan ma. Sannu da zuwa, Baba!"

Auta ba ta waiwaya ba. Ba sai ta waiwaya ba, ta san ƙarar sandar nan da jan ƙafar nan fiye da yadda ta san muryarta.

Baba ya tsaya a bakin ƙofa cikin farar rigarsa ta fita, maɓalli ɗaya a karkace. Ya kalle ta, ya kalli Dogo, ya yi tsuru-tsuru.

"Uwata... ba a shago kike ba?"

"Baba!" Ta miƙe har kujera ta faɗi. "Kai kaɗai? Ka tsallaka titin nan kai kaɗai? Da ka faɗi fa? Da mota ta..."

"Ban faɗi ba. Wuraren nesa a tasi na je, nan kuwa motsa jiki ne, likita ma ya ce na riƙa yi."

"Abincin da nake bar maka a kula fa?"

"Maƙwabcinmu mai gyaran agogo ke cinyewa. Ya ce tun da ya fara jininsa ya sauka, yana gaishe ki."

Mai abincin ta kwashe da dariya. Dogo ya yi sauri ya durƙusa ya gaishe shi, ya jawo masa kujera. Ita kuwa Auta tana tsaye, ta rasa fushi za ta yi ko kuka.

"Wata guda ina cewa ciwo ne ya hana ka ci da yamma. Wata guda ba na barci!"

"Ƙoshi ne. Matar nan hannunta da nauyi wajen zubawa." Ya zauna da ƙyar, ya jingine sandar. "Zo ki zauna. Kina tsammani ban san me kike yi ba? Kullum ki dawo ki ce min wai abincin biki bai yi ba. Ni na haife ki fa. Ba mai dafa wa baƙi kike nema ba, mai dafa min kika rasa. Shi ne na ce bari na nema da kaina."

"Ni ban gaji da kai ba, Baba..."

"Na sani. Shi ya sa nake jin tsoro. Da kin gaji ai da tuni kin tafi."

Mai abincin ta kawo faranti ta ajiye a gabansa, dankali da kifi, tururi na tashi. Ta ce ta riga ta shirya da shi, safe da rana da yamma za a kai masa har gida, ranar da bai buɗe ƙofa ba kuwa ita da kanta za ta je ta ɓalle ta.

Baba ya tura farantin gaban Auta da hannunsa mai lafiya.

"Ɗanɗana. Ke ce alƙali. In kin ce bai yi ba, gobe na ci gaba da yawo."

Ta ɗauki cokali. Ta bincika kifin, babu ƙaya ko ɗaya. Ta kai baki. Laushin daidai, tsamin daidai, babu abin da za ta kama. Ta nema, Allah ya sani ta nema, ba ta samu ba.

Hawaye suka zubo mata.

"Ya yi, Baba."

"Bai kai naki ba," ya ce, muryarsa ta ɗan karye. "Ba zai taɓa kaiwa ba. Amma zan ci, kuma zan ƙoshi."

Ta kifa kai a kan hannunsa shanyayye ta yi kuka mai sauti, ba ruwanta da masu kallo. Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya ɗago ido ya dubi Dogo, wanda ke ta faman goge fuska da bayan hannu wai shi hayaƙin kicin ne.

"Kai kuma dogon banza, kana zaune. Ka je ka ce wa iyayenka ina jiransu jibi."

Dogo ya dubi Auta, bai motsa ba.

"Rabin raina... na je?"

Ta ɗago da jajayen idanu, ba ta saki hannun Baba ba.

"Je ka, Dogona. Ka yi sauri kafin na sake tunani."