Takardun Naɗe Ƙosai

"Karanta mini."

Abin da tsohon ya ce ke nan, ko gaisuwarta bai gama amsawa ba. Ya miƙo jaridar Turanci saitin inda ya ji muryarta.

Rumaisa ta karɓa da hannu biyu, tana durƙushe a gefen tabarma, gwaggonta na zaune a bayanta. Hedimasta Jumare ya yi shekara talatin yana koyar da Turanci a Makarfi kafin ciwon suga ya tafi da idonsa. Da ɗansa Zayyad ya ce ya ga matar aure a Hunkuyi, 'yar mai ƙosai, sai tsohon ya ce tunda ba zai gan ta ba, a kawo ta ya ji ta.

Ta dubi layin farko. Haruffan duk ta san su, ai ta gama sakandare. Amma da suka jeru sai suka juya mata baya. Ta fara, ta yi tuntuɓe a kalma ta uku, ta koma farko, ta sake faɗuwa a wuri ɗaya.

Wata siririyar dariya ta fito daga bakin ƙofa. Zubaida ce, ɗiyar ƙanwar tsohon, mai digiri, wadda dangi suka daɗe da ajiye wa Zayyad.

"Ya isa," in ji Hedimasta. "Me kika fahimta?"

"Baba... ban fahimci komai ba."

"To, ba ki iya ƙarya ba. Wannan ma wani abu ne." Ya juya kai. "Zayyad!"

"Na'am, Baba."

"Idona ya tafi. Uwarka da za ta karanta mini ta riga shi tafiya. Ban nemi suruka mai kyau ba, don ba gani zan yi ba. Murya nake so a gidan nan da za ta buɗe littafi in ji. In ban samu ba, ranar da aka fara saran rake, zan aika wa ƙanwata maganar Zubaida."

A lokacin nan ruwan farko ne ya sauka, ko shuka ba a gama ba.

A ƙofar gida Zayyad ya tarar da ita tana share fuska da gefen hijabi.

"Ruma... hasken idona, ki saurare ni."

"Bar maganar ido a gidan nan."

"Wallahi ko duniya za ta taru, ke zan aura! Zan gaya masa..."

"Me za ka gaya masa? Ɗazu da aka kira ka, in ban da na'am me ka ce?"

 Zayyad malamin gona ne, mai kirki, mai kyan hali. Irinsu sun fi iya rantsuwa a waje da zaure.

"Ba zan shiga gidanku ta katanga ba," ta ce. "Ta ƙofa zan shiga, ko in haƙura."

Suna nan tsaye Zubaida ta fito da wani ƙaton ƙamus a rungume, fuskarta cike da tausayi.

"'Yar'uwa, kar ki ji haushin dariyata, suɓucewa ta yi. Ga wannan. Dukkanmu da shi muka koya. Ki haddace daga farko, shafi biyar kullum, kar ki tsallake ko ɗaya."

Rumaisa ta yi godiya har da rusunawa.

Ita kuwa tana da shekara goma sha huɗu ta yi sauka, in dai hadda ce an zo gidanta. Ta shimfiɗa tabarma, ta ɗora ƙamus a cinya, tana rangaji tana bita, kullum sai ta yi tilawar na jiya kafin ta ƙara na yau. Wata biyu cur! Ta kai harafi na uku. Ta san sunayen cututtuka da na sassan jirgin ruwa, amma ko ruwan sha ba za ta iya roƙa ba.

Wata safiya tana taya Inna naɗe ƙosai, bakinta na motsi, sai ga Madam Rosaline, tsohuwar nas da ta yi shekara talatin a Hunkuyi, wadda rabin 'yan unguwar a hannunta suka faɗo duniya.

"Ke Rumaisa, wane irin wuridi ne wannan?"

"Turanci nake koyo, Mama."

Ta nuna mata ƙamus ɗin, ta ba ta labari. Madam Rosaline ta yi dariya har sai da ta dafa bango.

"Wadda ta ba ki shawarar nan ba ta ƙaunarki. Hausar da ke bakinki, a wane ƙamus kika haddace ta?"

"Ai wannan ji na yi."

"To! Ji kika yi ta yi har kika cika kika zubo." Ta zazzage ƙosanta a leda, ta warware takardar da ta jiƙe da mai, ta ɗaga. "Wannan mene ne?"

"Takarda."

"Shafin labari ne, 'yar nan. Makarantarki kike naɗe mini ƙosai da ita kullum!"

Rumaisa ta waiwaya ta dubi buhun da ke jingine a zaure. Inna tana saro tsofaffin takardu a kilo wurin Tanko mai takarda, kuma a 'yan watannin nan littattafai yake kawowa, an ciccire bangonsu, don bango ba ya naɗuwa.

"Ki zaɓi mai sauƙi, ko na yara ne, ba abin kunya ba ne," in ji Madam Rosaline. "Kalmar da ba ki sani ba ki tsallake ta kamar kwata, za ku sake haɗuwa a gaba. Wanda ya gundure ki, ki miƙa wa Inna ta naɗe. Kunnenki kuma kar ya zauna banza. Kawo wayarki in sa miki labarai."

Littafin farko na wani zomo ne mai wayo, shafi ashirin, ya ci mata kwana huɗu. Na biyu kwana biyu. Kafin a girbe masara ta daina ƙirgawa. Tana surfen wake da abin ji a kunne. Tana layin injin markaɗe Turawa na gardama a kanta. Da hantsi ta kunna rediyo tashar Turanci, ta gane ko ba ta gane ba, ta bar shi yana zuba. Awakin gidan kuwa sun sha Turanci har sun gaji.

"Wai ina takarduna?" Inna ta yi ta faɗa. "Kin kwashe kin kai ƙarƙashin gado, da ganye zan naɗe wa mutane?"

"Inna, wannan kaɗai, saura kaɗan in gama!"

"Jiya ma haka kika ce!"

A cikin littattafan akwai wani mai karatu da ya riga ta wucewa. Da jan biro yake rubutu a gefen shafi, da Hausa, gajere kamar mari. Nan ya rubuta "Wawa." Can ya rubuta "Madalla." Wani wurin, "Marubucin nan bai taɓa jin yunwa ba." Ba ta san ko wane ne ba, amma ta saba da shi. Wani lokaci ta yarda da shi, wani lokaci ta yi tsaki ta ce wa takardar, "Malam, a nan kam ka yi son kai."

Idan Zayyad ya kira, sai ta ce da Turanci za a yi.

"Haba Ruma, rabin raina, soyayya da Turanci?"

"Da shi za a yi."

Ba a yi wata uku ba ta gano Turancin nasa na taki da feshi ne. Da an bar gona sai ya fara kame-kame.

Ba kullum ne ake nasara ba. Ranar da labari ya iso Hunkuyi cewa uwar Zubaida ta fara sayen kayan ɗaki, har an share ɗakin amarya a gidan Hedimasta, Rumaisa ta kifa kai a buhun takardu ta yi kuka sosai. Rediyo na gefe yana ta surutunsa, bai damu da ita ba. Can wani mai gabatar da shiri ya ba da labarin ban dariya, sai ta ji ta tuntsire, hawaye na zuba.

Ta tsaya cak.

Ba ta fassara ba. Ba ta nemi kalma ba. Ji kawai ta yi, ta yi dariya.

"Inna!" ta ƙwala kira. "Inna, na ji! Wallahi na ji!"

"Me kika ji? Wa ya mutu?"

Ranar da ta ga motar farko ta wuce shaƙe da rake, ta je wa gwaggonta ta ce a nema mata iso.

Tabarmar nan ce dai, tsohon nan ne, Zubaida ma na bakin ƙofarta, Zayyad na rakuɓe a gefe.

"An ce kin dawo," in ji Hedimasta. "Zubaida, buɗe ɗakin littattafai ki ɗauko mini mai koren bangon nan, layi na biyu daga sama."

"Kawu... ai na gaya maka makullin ya ɓace."

"Tun bazara yake ɓacewa. To, miƙa mata jarida."

Rumaisa ta karanta. Tun daga layin farko muryarta ta miƙe kamar an buɗe wa ruwa hanya. Tsohon ya jefo mata tambaya da Turanci, ta mayar masa. Ya sake jefo wata mai ƙaya, ta ce wannan kalmar ba ta san ta ba, amma ga abin da take zaton yana nufi. Ta dace.

Zayyad ya buɗe baki ya manta bai rufe ba.

"Jarida ai kowane akawu yana karantawa," Zubaida ta ce da sauri.

"Gaskiyarki," in ji tsohon. "Ni littafin na so. Labarin wata mata ce mai fito da mutane a kwalekwale..."

"Wadda mijinta ya tafi yaƙi ya bar mata jirgin?"

Maganar ta kuɓuce wa Rumaisa kafin kunya ta tare ta. Gwaggo ta zungure ta ta baya.

Tsohon ya miƙe zaune. "A ina kika san shi? Ko a Zariya ba kowa ke da littafin nan ba."

"A buhun takardun ƙosan Innata, Baba. Ba shi da bango." Ta sunkuyar da kai. "Mai shi yana rubutu da jan biro. A inda mutanen gari suke ce mata ta yi haƙuri zai dawo, ya rubuta, 'Ƙarya suke miki. Wanda ya tafi ba ya dawowa.'"



"Shekarar da uwar Zayyad ta rasu na rubuta wannan," tsohon ya ce a hankali. Sannan ya juya fuskarsa wajen ƙofa. "Zubaida."

"Kawu, wallahi gara ce ta fara cin littattafan... kuma ɗakin ake bukata... na ga ai ba ka..."

"Ba na gani. Faɗi, ba zagi ba ne." Ya gyaɗa kai. "Shekara arba'in ina tarawa, ashe a sikeli za a auna ni. Na yi nauyi dai ko?"

Zubaida ta ja mayafi ta fice, takalminta ɗaya a hannu.

"Baba, saura buhu biyu da rabi," in ji Rumaisa. "Na ɓoye su. Inna ta kusa kora ta a kansu."

"Guda nawa kika karanta?"

"Na daina ƙirga a sittin."

"Mai digirin ko ɗaya ba ta buɗe ba, da ta ga rubutuna." Ya juyo wajen Rumaisa. "To, mai jan biron, yaya kika gan shi?"

Gwaggo ta sake zungurinta. 

"Ya san karatu, Baba. Amma yana da saurin yanke hukunci. Tun a shafi na goma yake kiran mutum wawa, bai jira ya ga abin da zai zama ba."

"Innalillahi..." Gwaggo ta dafe ƙirji.

Sai ga Hedimasta Jumare yana dariya. Dariya ta gaske, har da tari, irin wadda Zayyad ya ce rabon da ya ji ta tun mahaifiyarsa na da rai.

"Kin ji ta ko? A gidana, a kan tabarmata!" Ya share idonsa da hannun riga. "Akwai saura?"

"Tambaya ɗaya ce, Baba." Muryarta ta yi ƙasa. "Shafukan ƙarshen littafin, Inna ta riga ni, ta naɗe ƙosai da su. Wata uku ke nan abin na cina. Mijin nata... ya dawo?"

Tsohon ya gyara zama, ya laluba carbinsa, ya ja ɗaya, ya ja biyu.

"Wannan kuma sai kin tare."

Zayyad ya dubi uban, ya dubi Rumaisa, ya sake duban uban. "Baba, ai da ka gaya mata kawai, tunda..."

Guɗar Gwaggo ce ta katse shi, ta cika ɗakin ta fita har titi.

"Ka gani ko?" tsohon ya ce wa ɗansa. "Duk ɗakin nan kai kaɗai ne ba ka gane ba, kuma da Hausa na yi maganar. Tashi ka kira mini baffanninka, gobe za su Hunkuyi."