Sunan Da Ya Maƙale

"Faɗi sunanki, 'yata. Sau uku."

Ta buɗe baki... babu abin da ya fito.

Fanka na ta ƙara a falon. Mahaifin saurayinta yana zaune da baƙin littafinsa a cinya. Malamin lissafi ne da ya yi ritaya, shekara arba'in ke nan da ya ƙirƙiri yarensa na kansa ya koya wa iyalinsa. Duk mai shigowa gidan da aure sai ya faɗi sunansa da bakinsa, tsohon ya juya shi zuwa yaren, ya rubuta. In bai rubuta ba, ba ya sa albarka.

Ita kuwa in'ina gare ta tun yarinta. A laburaren da take aiki, in kalma ta ƙi ta sai ta kewaye ta ɗauko wata. Amma suna ba shi da madadi, kuma nata kullum a maƙoshi yake tsayawa.

Ta sake gwadawa. Sunan ya sake maƙalewa.

"Ikon Allah!" in ji yayar saurayin. "Mu kawo katifa ne, ko yau za a gama? Ga ƙawata can tana jiran ka aure ta, baki kamar rediyo."

"Yaya, don Allah!" Saurayin ya juyo wurin budurwarsa, muryarsa ƙasa ƙasa. "Numfasa, zuciyata... ina nan."

Ta numfasa. Hawaye ne suka fito maimakon sunan.

"Baba, bari in faɗa a madadinta," in ji saurayin.

"A'a. Ba a taɓa faɗa a madadin kowa ba."

Tsohon ya rufe littafin. Ta ji ƙarar har cikin ƙirjinta. Ta laluɓi jakarta ta miƙe. Shekara biyu na soyayya, ga su za su ƙare a kan kalma ɗaya!

"Baba," in ji saurayin, "ni wa ya faɗi nawa? Kwanana bakwai a duniya aka rubuta ni."

Tsohon ya dubi littafin.

"Mahaifiyarka," ya ce. "Allah ya jiƙanta. Dariya take tana faɗa."

"To ka bar wanda yake son ta ya faɗa."

"Baba, kar ka biye masa!" yayar ta ce.

Tsohon ya ɗaga mata hannu. Saurayin ya faɗi sunan sau uku.

Tsohon ya buɗe littafin, amma bai rubuta ba tukuna. Bakinta yake kallo.

"Na ga inda harshenki yake tuntuɓe," ya ce. "Wannan sautin akwai shi a yarena, amma ke na yafe miki shi." Ya ja biro a hankali. "Ilumai. Gwada mu ji."

Tsoro ya kama ta. In wannan ma ya maƙale fa?

"Ilumai..."

Ya fito sumul. Ta toshe baki da hannu biyu.

"Saura biyu, surukata," in ji tsohon.