Wanda Ke Tsaye a Bayan Walida

An ɗauke wuta bayan sallar isha'i, muka fito tsakar gida muka shimfiɗa tabarma. Yaya Sa'adatu, 'yar wan babanmu da ke karatun kwamfuta a Zariya, ta zo mana hutu. Ƙanena Mujahid ne ya tono zancen. Ya tambaye ta me ya sa maƙwabcinmu Malam Lurwanu ba ya zama a ko'ina sai ya jingina bayansa da bango.

Yaya Sa'adatu ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Kashe wayar nan tukuna. Ku matso. Wanda kuma ya yi fitsarin kwance yau, ba ruwana."

Ga yadda ta ba mu labarin.

Malam Lurwanu da kuke gani shiru-shiru, gwani ne a rubuta manhajar kwamfuta. Lokacin yana da ɗan shago a saman bene, can cikin kasuwar masu kwamfuta. Matakalar benen ta ƙarfe ce. Ko mage ta taka sai kowa ya ji.

Masu shagon hoto ne suka ba shi aiki. Suna son manhajar da za ta yanka hoto, ta jera, ta tura wa firinta. Ya rubuta. Hoto yana fita tas a fuskar kwamfuta. Amma da an danna bugu sai takarda ta fito baƙi ƙirin, ko ta fito da rabin fuska.

Ku tsaya in fahimtar da ku wani abu, don na san kanku. Mai rubuta manhaja ba ya rubuta komai da kansa. Akwai ƙunshin aikin da wasu suka riga suka yi, muna ce masa laburare. Kana iya ajiye shi a gefen manhajarka, tana ɗauka in ta buƙata. Kana kuma iya ɗinke shi a jikinta, kamar aljihu a jikin riga. Na gefe, in ya lalace sai ka cire ka sa wani. Na ɗinke ba ya fita. Duk inda manhajar ta je, da shi za ta je.

Malam Lurwanu na ɗinke yake so. Ya san mutanensa. In ka ba mai shagon hoto abu biyu, gobe zai ce maka ɗaya ya ɓata. Sai dai ɗinkin ya ƙi. Duk lokacin da ya ce a haɗa, sai jajayen rubutu su cika masa fuskar kwamfuta, wai ba a san wannan suna ba, ba a ga wancan ba. Ya sauya jeri, ya sa na gaba a baya. Ya sauko da wani laburaren, ashe na tsofaffin kwamfutoci ne. Har ya rame.

Wata ranar Juma'a, rana tsaka, kowa ya kulle shago ya tafi masallaci. Shi ma ya yi alwala. Sai ya ce bari ya ƙara gwadawa sau ɗaya. Wannan "sau ɗaya" ita ce ciwon duk mai wannan sana'a, ni ma ina da ita.

Benen ya yi tsit. Ya ɗaga kai, sai ga mutum a bakin ƙofa.

Bai ji ƙarar matakala ba.

Dogo ne, siriri, da farar riga mai tsabta. An yi ruwa da safen ranar, kasuwa duk taɓo, amma takalminsa a bushe. Bai yi sallama ba.

"Ɗinki ya ƙi?" in ji shi.

Malam Lurwanu ya ce tun a nan jikinsa ya ba shi. Bakin mutumin ya riga ya gama motsi kafin muryar ta iso, kamar kiran bidiyo in sabis ba kyau.

"Wa ya gaya maka?"

"Ana jin ka daga ƙasa."

Ya miƙo filas, ɗan abin nan da ake sokawa a kwamfuta a kwafi abu. Baƙi, ba rubutu a jikinsa, da sanyi kamar daga randa aka tsamo shi.

"Laburare ne. Ka sa shi a ƙarshen jeri."

"Ina asalin rubutunsa? In duba abin da ke ciki."

"Babu. A haɗe yake."

To, abin farko da ake koya mana ke nan: kada ka ɗinka abin da ba ka ga cikinsa ba. Malam Lurwanu ya fi ni sanin haka. Amma gajiya ta ci ƙarfinsa. Ya karɓa, ya soka a kwamfuta, ya sa laburaren a ƙarshen jeri, ya danna.

Ko ja ɗaya bai fito ba.

Ya juyo da murna. "Malam, me zan ba ka?"

"Wuri kawai nake so."

"Wane irin wuri?"

"Za ka ba ni."

Mutumin ya fita. Malam Lurwanu ya kasa kunne. Matakalar ba ta yi ƙara ba. Ya kai hannu zai zare filas ɗin, ya tarar ba komai a jikin kwamfutar.

Mujahid, daina matse min ƙafa. Ba mu ma fara ba.

Kowane mai rubuta manhaja yana da hoton da yake gwaji da shi. Guda ɗaya, kullum shi, don ya gane in kala ta sauya. Na Malam Lurwanu hoton 'yarsa Walida ne, lokacin ba ta shiga makaranta ba. Tana tsaye a tsakar gidansu da jar atamfa, tana dariya, ƙofar zaure can nesa a bayanta. Ya buga. Hoto ya fito kamar ka yi mata magana ta amsa. Sai wani ɗan duhu a bakin zauren. Ya ce tawada ce.

Don ya sauƙaƙa wa masu shago, ya yi musu maɓalli mai suna Gwaji. Da safe kafin a fara aiki, a danna shi a ga ko kan firinta ya toshe. Hoton da maɓallin ke bugawa, na Walida ne. Shi ma ya ɗinke shi a ciki. Ya raba manhajar, kowa yana sa masa albarka.

Ba a jima ba Walida ta sauya. Yarinya mai surutu kamar kanari ta koma shiru. Tana cikin cin abinci sai ta tsaya, ta waiwaya. Uwarta, Hassatu, ta tambaye ta me take kallo.

"Mutumin nan."

"Wane mutum?"

"Mai farar riga. Jiya yana zaure. Yau yana wajen rijiya."

Aka kai ta asibiti, ba a ga komai ba. Aka kira malami ya yi mata addu'a, ta samu barci. Da zai tafi ya ja Malam Lurwanu gefe ya ce, "Ina kora yana dawowa. Akwai mai kiransa kullum da safe. Ka bincika."

Hassatu ce ta gano. Tana share ɗaki ta ci karo da tarin takardun gwajin da mijinta ke dawowa da su gida, tana kunna gawayi da su. Ta ɗauki ɗaya, ta ɗauki wata. Sai ta zauna a ƙasa ta jera su.

Da ya dawo bai same ta a ƙofa ba. Ya same ta a durƙushe.

"Baban Walida, zo ka gani."

A ta farko, ɗan duhu a bakin zaure. A ta gaba, duhun ya yi tsawo. Can ya yi kafaɗu. Can ya wuce rijiya. Farar riga. A ta ƙarshe yana tsaye daf da bayan yarinyar, fuskarsa ba ta fito ba don hoton bai kai tsawonsa ba. Ƙafafunsa sun fito. Yatsun suna kallon zaure, diddigen yana kallon Walida.

Ya buɗe hoton a kwamfuta. Ba kowa. Yarinya ce kawai da dariyarta. A takarda kaɗai yake fitowa, kuma duk bugu ɗaya, taku ɗaya.

"Ka cire shi," in ji Hassatu.

"Ba ya ciruwa."

"Kai ka sa shi!"

"Na ɗinke shi, Hassatu. Yana cikin kowane kwafi."

"Shago nawa ka ba?"

Ya miƙe. Ya ɗauki makullin babur.

Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin sai tausayinsa ya kama ni. Ya bi shagunan nan ɗaya bayan ɗaya. Ya goge, ya roƙa, wani wurin har da hawaye. Wasu suka ce ya zautu. Ya koma ya zauna ya nemo laburare mai asalin rubutu, ya karanta shi layi-layi, ya haɗa da hannunsa. Ashe abin da ya hana shi tun farko ƙaramin abu ne: laburaren hoton yana buƙatar wani ɗan'uwansa a bayansa, shi kuma bai sa ba. Ya gyara, ya mayar wa kowa sabuwa mai tsabta.

Walida ta fara cin abinci. Ta fara dariya.

Sai wata safiya tana wasa, ta sandare. Ta ɗaga kafaɗarta ta dama kamar an ɗora mata abu.

"Umma, hannunsa da sanyi."

Ya koma shagunan. A na ƙarshe, mai shagon, wani Garzali, ya sunkuyar da kai.

"Malam, ka yi haƙuri. Na tura wa wani baƙo a filas. Ya ga tana aiki da kyau ya roƙe ni."

"Ina yake?"

"Mai ɗaukar hoto ne a kasuwannin ƙauye. Ko sunansa ban riƙe ba."

Ya neme shi har ya gaji. Kwafi ɗaya, a hannun mutumin da bai san komai ba, yana danna Gwaji duk ranar da ya buɗe aiki. Walida ta daina magana gaba ɗaya. Ta kwanta, idonta a buɗe.

Ranar Juma'a Malam Lurwanu ya je masallaci da wuri. Ana sallamewa ya riga kowa komawa kasuwa. Ya hau benen shi kaɗai. Ya kunna tsohuwar kwamfutarsa, inda kwafin farko yake, wanda bai goge ba. Ya zauna yana karanta duk addu'ar da ya sani.

Bai ji taku ba. Sanyi kawai ya ji a ƙeyarsa.

"Ka sake ta," ya ce, bai juya ba.

 Sannan muryar ta iso.

"Kai ka ba ni wurin."

"Ban sani ba."

"Ba ka tambaya ba."

"Me zai raba ka da ita?"

"Ina zama inda aka fi kirana."

Malam Lurwanu ya juya maganar a ransa. Sannan ya jawo 'yar kyamarar da ke kan tebur, ya juya ta, ya ɗauki kansa. Ya tura wa firinta. Takarda ta fito. Ga shi zaune, ga ɗan duhu can a bakin ƙofa.

Ya sake bugawa. Ya sake. Firinta tana ta kuka, shi yana ta dannawa, yana kallon farar rigar tana matsowa takarda bayan takarda. Bai tsaya ba sai da ya ga dogayen yatsu a kan kafaɗarsa, ya kuma ji su.

A daidai lokacin, a gida, Walida ta tashi zaune ta ce tana son kunu.

Shi ke nan. Har yau ba a ga mai hoton ƙauyen nan ba, kuma ba wanda ya san ko ya ba wasu. Don haka kullum sai Malam Lurwanu ya buga hotonsa da tsohon kwafin, fiye da yadda wani zai iya buga nata. Ya ƙona takardun da yamma, ya sake washegari. Ba ya tafiya ya kwana. Ba ya bari tawada ta ƙare. Bangon da yake jingina da shi kuwa, ya ce yana rage masa sanyin.

Nan Yaya Sa'adatu ta ƙare labarin. Ba wanda ya motsa.

Ni ce na yi ƙarfin halin tambaya. "Yaya, Anti Walida ta sani?"

"Ba ta sani ba. Tana cewa babanta yana da son hoton kansa, har tsokanarsa take yi. Kuma duk wanda ya gaya mata a cikinku, ni da shi ne."

Mujahid ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "To yau da ba wuta tun safe fa? Ɗazu kawai aka kawo aka ɗauke."

Yaya Sa'adatu ta kasa kunne. Ta ɗaga yatsa.

Ta bayan katanga muka ji ana jan igiyar janareta. Ya yi tari ya mutu. Aka sake ja. Ya mutu. Muka ji muryar Anti Walida daga ɗakinta tana cewa, "Baba, ka bar shi mana sai gobe. Ni sanyi ma nake ji."

Aka ja igiyar da ƙarfi, aka kuma ja, ba hutawa. Can ya kama. Jim kaɗan sai ga kukan firinta, takarda na bin takarda.

Yaya Sa'adatu ta sauke numfashi. Ta naɗe gefen tabarmar.

"Ku tashi ku yi addu'a ku kwanta. Kai kuma Mujahid, da kake cewa kwamfuta za ka karanta, ka ji da kyau. In kowa ya tafi masallaci, ka bi su, kada ka zauna a bene kai kaɗai. In kuma wani ya miƙo maka abu ya ce a haɗe yake, ba a ganin cikinsa, ka dubi ƙafafunsa kafin ka miƙa hannu."